Suwaitar Dulcie a Tsakiyar Zafi

Sau ɗaya tak Dulcie Penhale ta taɓa shan kaye a faɗa a garin Broken Hill, kuma a kan lemun tsami ne. Bishiyarta na jikin shingen kwanon da ya raba ta da maƙwabcinta Merv Radovich, shekara uku tana rantsuwa shi ke tsinke mata. Da ta gaji da rantsuwa sai ta ɗauki biro, ta bi lemun ɗaya bayan ɗaya a kan reshe tana rubuta musu lamba. Ran nan ta shiga gidan Merv wai aron tsani, sai ga lamba goma sha bakwai a kan tebur, an raba shi biyu. Ba ta yi wata-wata ba ta kira ɗan sanda.

Ɗan sanda ya zo, unguwa ta fito kallo. Merv ya jingina da ƙofa yana sosa tumbi.

"Dulcie, ni ban taɓa miƙa hannu ta kan shingen nan ba. Miƙo mini ake yi."

"Aljanu ke miƙo maka?"

"Tambayi aljanin da ke bayanki."

Ta waiwaya, sai ga mijinta Arthur yana neman shigewa cikin hularsa. Ashe shi ke musayar lemun da giyar inabin da Merv ke haɗawa a bayan gida. Ɗan sanda ya rufe littafinsa, ya tambayi Merv ko da saura a kwalba. Da wata ce, kunya ta isa ta raba ta da zargin mutane. Dulcie kuwa darasi guda ta ɗauka: ba ta yi kuskure da ta yi zargi ba, nesa kawai ta duba.

'Yar mahaƙin ma'adini ce, ta kuma auri mahaƙi. Da ƙurar rami ta gama da huhun Arthur, sai ta mai da gidanta masaukin samarin da ke zuwa aikin haƙa. Shekara talatin tana dafa musu, tana wanke musu, tana zaginsu, duk a farashi ɗaya. A nan ta koyi karatun akwati. Mutum ya ce mako guda zai yi, ita kuma ta leƙa kayansa. In da hoton uwarsa a ciki, to sai shekara. In ya ce ya zo ke nan har tsufa amma riga biyu ya kawo, sai ta ɓoye cokulanta masu kyau. Takan ce baki na ƙarya, akwati bai iya ba.

Tana da shekara tamanin da bakwai ƙafafu suka fara yi mata gardama. Ta faɗi sau biyu. A na biyun ta wuni kwance a banɗaki har sai da mai kawo mata abinci ta same ta. Ta kuma ƙone tukunya ƙurmus, ta ce laifin tukunyar ne.

'Yarta ɗaya, Glenys, mai shekara sittin, ita ke ɗawainiya da ita. Mijin Glenys shi ne Col, tsohon direban bas, mutumin kirki, irin kirkin da ba ya hana akuya shiga gona.

Wata rana a watan Janairu, wanda a ƙasarsu shi ne tsakiyar bazara, zafi na narka kwalta, Glenys ta zo da kek. Nan take Dulcie ta gyara zama, don tun da aka haifi Glenys ba ta taɓa yin kek a banza ba.

"Mama, za a yi mini aiki a gwiwa a Adelaide. Mako biyu kawai. Na samo miki ɗaki a gidan kula da tsofaffi, ki ɗan huta kafin in dawo."

"Hutu daga me? Zama nake yi."

"Mako biyu ne fa, Mamana."

"Mamana kuma? Wa ya mutu?"

Maganar gwiwa gaskiya ce, Dulcie ta ga takardar likita, ta ma ɗaga ta a haske. Sauran abubuwan ne ba su kwanta mata ba. Col, wanda ya shekara goma yana alkawarin gyara ƙyauren gidanta, ya wayi gari yana yi masa fenti. Ya tambaye ta sau nawa kajinta ke cin abinci. Ta kama shi yana auna kujerarta da ido. A gidan tsofaffin tare ake wanke kayan kowa, don haka dole a ɗinka wa kowace riga ɗan ƙyalle mai sunan mai ita. Glenys ta kwashi kayan ta ce a gidanta za ta yi ɗinkin, wai hasken can ya fi. Kwana uku tana ɗinki. Kayan mako biyu, a lissafin Dulcie, aikin rabin wuni ne, ko da mai ɗinkin Glenys ce.

Ranar tafiya akwatin kayan bai ko shigo gida ba, yana bayan mota a kulle. Dulcie ta ja ƙofarta kamar mai zuwa kasuwa, ba ta waiwayi ko kajin ba, don an ce mako biyu ne, kuma ba ta da shaida tukuna.

Ɗakin da aka kai ta ba laifi: gado mai tashi da kansa, taga na kallon wata bishiya da ta fi mazauna gidan lafiya. Shugabar gidan ta yi ta murmushi har Dulcie ta fara tausaya wa kumatunta, sannan ta fita ta bar su su ukun.

"Zauna, Mama, ni zan jera miki kayan," in ji Glenys.

"Da gwiwar nan taki? Haba. Col, ɗora shi kan gado."

Col ya dubi matarsa, matarsa ta dubi rufi. Ya ɗora.

Dulcie ta buɗe. A sama rigunan zafi ne, marasa nauyi, an jera su kamar shaidun da aka koya wa magana. Ta ɗaga su gefe ta zura hannu ƙasa, inda gaskiyar akwati ke kwana. Ta zaro safar ulu ƙafa huɗu. Ta zaro robar ruwan zafin da take ɗumama gado da ita. Daga ƙarshe ta zaro shuɗiyar suwaitarta mai kauri, wadda ba ta sa ta sai sanyin Yuni ya kankama, ga sunanta an ɗinka tsaf a wuya. Ta shimfiɗa ta a kan gado, ta gyara mata hannuwa.

"Glenys, wane wata muke ciki?"

"Janairu, Mama."

"Sanyi fa?"

"Ai... na'urar sanyaya ɗakin nan na da ƙarfi."

"Haka ne, Mama," in ji Col da sauri, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Ni ma sanyi nake ji."

"Kai rufe mini baki, kafin ka narke a kan dardumar mutane."

Glenys ta zauna a bakin gado, fuskarta ta lalace. Ta ce ɗakin ba na mako biyu ba ne. Ta ce tun ranar banɗakin nan ba ta ƙara yin barcin kirki ba, duk wayar da ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi. Ta ce ta so a fara da mako biyu, in Mama ta saba sai a faɗa mata a hankali.

"A hankali," in ji Dulcie. "Kamar yadda ake sa kaza a kwali."

Ta daɗe tana kallon suwaitar. Ɗinkin ya yi kyau, wannan ne ma ya fi ba ta haushi. Kuma ita ce ta kwanta a ƙasan banɗakin nan tana ƙirga tayil, ba sai an yi mata wa'azi a kan ƙafafunta ba.

"To ku saurara. Zan zauna a nan. Gadon ya fi ku amfani. Amma gidan da na yi shekara sittin da biyu a ciki ba zan bar shi kamar na fita sayen burodi ba. Ku mai da ni yanzu. Ni zan zaɓi wanda zan ba kajina, ni zan zaɓi abin da zan ɗauka, in zauna a kowane ɗaki in tashi, in kulle ƙofata da hannuna. Ran Litinin ku dawo da ni."

"Mama, ba zai yiwu ba! An riga an rubuta ki."

"A goge abin da aka rubuta."

"Na san ki sarai. In kika shiga gidan nan, ko da katafila ba mai fito da ke."

"Na ce Litinin."

"Kin ce! Wa zai tsaya mana a kan za ki cika?"

"Gaskiya, Mama, da dai akwai wani tabbaci," in ji Col, yana leƙowa ta bayan matarsa.

Dulcie ta ɗauki jakarta ta hannu, ta dafa sanda ta miƙe. Amsar da ta ba su ita ta sa Col laluben makullin mota ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

"Mu uku ne a ɗakin nan. Biyu an kama su da ƙarya tun ba a ci abincin rana ba. Amma ni ce zan kawo mai tsaya mini?"