Sunan da Za a Sa a Dutsen Clive

Shekara hamsin da ɗaya Ernest Sugden ya yi yana sassaƙa sunayen matattu a kan duwatsun kabari a garin Halifax. Rumfarsa tana bayan tashar jirgin ƙasa. Mutanen layin sun saba da ƙarar gudumarsa, har idan ta yi shiru da rana sai wani ya leƙo ya ji ko lafiya. Ba mai yawan magana ba ne, kuma bai taɓa tambayar kowa abin da ya kashe mamacinsa ba.

Ɗa guda suka haifa da matarsa Mavis, shi ne Clive. Ernest ya so yaron ya gaje shi, hannunsa ma ba laifi. Sai dai bakinsa ya fi hannun: ya kwaikwayi limamin coci, ya kwaikwayi mai sayar da kifi, wani lokaci har uban, idan ya tabbata ba ya kusa. Da ya gama sakandare sai ya tafi Landan koyon wasan kwaikwayo.

Wata Lahadi a shekarar 1971 ya zo gida cin abincin rana. Ana yanka nama ya ce, "Baba, na samu shiga ƙungiyar 'yan wasa. Amma akwai wani Clive Sugden a cikinta, kuma ba sa yarda mutum biyu su yi aiki da suna ɗaya. Daga yanzu ni ne Clive Ellwood."

Ernest ya ajiye wuƙa. "Shi wancan Sugden ɗin ɗan gidan uban wa ne?"

"Wani tsoho ne, yana rawa da karensa a garuruwan bakin teku."

Mavis ta yi dariya har da hawaye. "Ashe mai kare ya riga ka, ɗana!"

"Mu dai ba mu haifi Ellwood a gidan nan ba," in ji Ernest. "Miƙo gishiri."

Ba a yi faɗa ba, ba a kuma sake ta da maganar ba. Clive ya yi shekara goma yana yawon ƙananan garuruwa, yau ya fito a matsayin bara, gobe ɗan sanda, sau ɗaya ma gawa. Daga baya manyan gidajen wasa na Landan suka neme shi. Ya fito tsohon sarki tun bai cika arba'in ba, ya fito likitan ƙauye a talabijin har mata suna tare shi a kasuwa da zancen ciwon gwiwa. Sau biyu aka ba shi lambar yabo. Duk sabon wasa Mavis za ta sa hularta mai fure, Ernest ya sa kwat ɗinsa ta coci, su hau jirgin safe. Kafin a shiga zai tsaya gaban allon sanarwa ya ce haruffan sun cushe. Yakan yi tafi idan an gama, tafi mai ƙarfi. Amma kowace wasiƙa da ya aika, Clive Sugden yake rubutawa a bayanta, har mai gadin ƙofar 'yan wasa ya gane hannunsa.

Mavis ta rasu, Ernest ya sassaƙa mata dutse. Shekara tara bayan haka, wata Talata da safe, zuciyar Clive ta tsaya yana sa kaya a mota a gaban kanti. Shekarunsa hamsin da biyar. Aka kawo shi Halifax aka binne a gefen uwarsa.

Sai ƙasa ta zauna ake kafa dutse, saboda haka aka jira wata shida. Ernest yana da shekara tamanin da uku, ya daɗe da rufe rumfa, amma ya ce inji ba zai taɓa wannan dutsen ba. Rosalind, matar Clive, ta zo daga Landan da takarda a jaka, ɗauke da sunan da take so a sa a dutsen: Clive Ellwood. Ya karanta, ya tura mata abarta.

"Baba," ta ce, "shekara talatin da uku ya yi aiki da wannan suna. Ni ma da shi na aure shi."

"Sunan allo ne, 'yar nan. Wasa yana tashi ake sauke allo. Kusa da uwarsa yake kwance, so kike masu wucewa su ɗauka baƙo ne?"

"Kai dai kanka ya fi dutsen tauri." Ta dube shi ta ɗan jima. "Bai taɓa gaya maka inda ya samo sunan ba?"

"Ban tambaya ba."

"To ɗauko kwat ɗinka."

Ta kai shi tsohuwar maƙabarta da ke kan tudu. Suka bi jikin katanga a hankali, yana dogara sanda, har ta tsaya gaban wani dutse da gansakuka ta cinye gefensa. Harriet Ellwood, 1889 zuwa 1963. Ernest ya sa yatsa cikin haruffan. Bai tuna matar ba, amma ya san aikin hannunsa.

"'Yan ƙungiyar sun ba shi zuwa tsakar rana ya kawo suna," in ji Rosalind. "Ya ce wannan ne kawai ya faɗo masa. Shi ne dutsen farko da ka bar shi ya riƙe kurfin sassaƙa a kai. Harafin ƙarshe nasa ne."

Ernest ya sunkuya iya yadda bayansa ya yarda. Ya daɗe yana kallo.

"Ya karkace," ya ce. "Na faɗa masa a ranar."

"Ya ce ka faɗa. Ya ce kuma ka bar shi a haka."

Ernest ya miƙe da sandarsa. A mota ya miƙa hannu, ta ba shi takardar.

Mako tara ya yi a kan aikin, harafi ɗaya a rana, wata rana ko ɗaya babu idan hannun ya ƙi. Ranar da aka kafa dutsen Rosalind ta zo. Clive Ellwood, ɗan wasan kwaikwayo, ɗan Ernest da Mavis. Can ƙasa a kusurwa, dab da ciyawa, inda masu sassaƙa kan sa sunansu, ta ga ƙananan haruffa: Sugden, Halifax.

"Ashe sai da ka sa naka," ta ce.

"Haka ake yi a sana'ar," in ji Ernest, yana goge ƙurar dutsen da hannun riga. "In an ga kuskure, a san wanda za a zaga."