Tabon da ke Ƙafar Kawu

Kawuna, wan mahaifiyata, ya shekara talatin da ɗaya yana gasa burodi. Shi ne mai tsayuwa bakin tanda da doguwar sandar ƙarfe, yana tura tire yana jawowa. Mutum ne mai barkwanci, ba ya ganin yaro ya wuce bai tsokane shi ba, kuma ba ya son a ce masa sannu.

Tun ina firamare na san tabon da ke ƙwaurinsa na hagu. Wata rana ƙofar tanda ce ta ɓalle ta faɗo masa da zafinta. Wurin ya warke, amma fatar ta zama siririya tana sheƙi kamar leda. Duk shekara sai ta tsage, ya shafa mai ya ɗaure da tsumma, ya koma bakin wuta da tabarsa a bayan kunne.

Bara ce ta tsage ta ƙi rufewa. Wata biyar. Inna, matarsa, ita ta kira ni.

"Ki zo ki ga ƙafar kawunki. Ni ya hana ni magana. Wari take yi yanzu."

Da na kwance tsumman sai na ga abin da take nufi. Bakin ciwon ya tashi ya yi kauri, tsakiyar kuma wani nama ne ja mai gudaji-gudaji, ko iska ta taɓa shi sai jini.

"Kawu, gobe asibiti."

"'Yar nan, ƙafar nan ta girme ki. Ta san hanyarta."

Sai da na yi masa kuka ya yarda.

Likitar da ta duba shi ta daɗe tana kallon ciwon. Ta latsa matsematsinsa, ta sake latsawa, ta tambaye shi ko ya san da wannan kaluluwar. Ya ce ai ta kwana biyu. Ta yanki ɗan nama za a kai gwaji, sannan ta jawo kujera ta zauna.

"Baba, jiki idan yana gyaran rauni, yakan saki wasu sinadarai masu zafi da yake haɗawa daga iskar da muke shaƙa. Su ke kashe ƙwayoyin cuta. Kaɗan ɗinsu amfani ne. Amma idan ciwo ya yi shekaru yana buɗewa, sai su yi yawa, su riƙa cin sabon naman da ke son tohowa, kamar tsatsa a jikin ƙarfe. Hayaƙin taba ma yana ƙara su. A haka wani ɓangaren naman kan lalace, ya yi ta girma ba tsayawa, har ya soma tafiya wasu wurare."

"Wato dai na yi tsatsa kenan, likita?"

Ta yi ɗan murmushi. Ni ban iya ba, don na gane sunan da take kewaye wa.

Kwana goma sha ɗaya muka jira. Kawu ya ci gaba da zuwa aiki, wai zama ne ke kashe mutum. Inna ta ce min ya daina taɓa abinci sosai, kuma ta sha kama shi a banɗaki yana lalubar kaluluwar da yatsa. Ni kuwa duk ƙarar waya sai na yi wuf na ɗauka.

Sakamako ya ce ciwon daji ne na fata. Aka yanke wurin da faɗi, aka ɗebo fata daga cinyarsa aka dasa, aka cire kaluluwa tara. Biyu daga ciki cutar ta riga ta isa.

Fatar da aka dasa ma ta ba mu tsoro. A sati na biyu gefe guda ya yi baƙi. Ma'aikaciyar da ke wanke masa ta ce idan bai rabu da taba ba, ba ta ga yadda fatar za ta kama ba. Nan take ya miƙa mata kwalin da ya ɓoye a cikin hula.

"Ungo, ki ba wani wanda kika tsana."

Fatar ta kama a sati na huɗu. Bayan nan aka yi masa gashi da na'urar ƙone ƙwayoyin cutar na makonni shida, ƙafar ta kumbura har takalmi ya daina shigarsa.

Bai koma bakin tanda ba. Mai gidan burodin ya mayar da shi wajen awon ƙullu, yana zaune ya ɗora ƙafar a kan wani akwati, yana yi wa sabon mai gashi faɗa daga nesa cewa ya ƙona gefen tire.

Duk wata uku ake duba shi. An yi sau uku ba a ga komai ba. Na huɗu ranar Litinin ne. Tun Juma'a ya sa Inna ta goge masa kayan da zai saka, ya kuma kira ni sau biyu yana tambaya ko ƙarfe takwas aka ce ko tara.