Yatsan Dashe a Kan Kibod

Na yi watanni ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa kafin in yarda in rubuta wannan. Ina tsoron a ce na tona wa kaina asiri, ko a ce na ɓata sunan masu gyara, alhali ba su yi mani komai ba sai alheri.

Bara ƙungiyarmu ta manoman albasa a gefen Kagara ta naɗa ni magatakarda, don na gama firamare, kuma ni ke da tsohuwar kwamfutar da ƙanena ya bar mani. Aikina na farko shi ne buga sunayen waɗanda za a ba filin noman rani kusa da madatsar Goronyo. An ja mani kunne cewa duk sunan da bai yi daidai da na katin shaida ba, cire shi za a yi. Na farko a takardar shi ne kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya koya mani dashen albasa. Ba shi da wata gonar rani sai wadda zai samu a nan.

Na yi bisimilla, na danna harafin farko na sunansa a kibod, wato allon nan mai haruffa. Sai harafin ya fito guda tara a jere. Na goge, na sake. Ya fito goma sha ɗaya.

Na kife kibod ɗin na kakkaɓe, ƙwayar gero biyu da ɓawon tafarnuwa suka faɗo. Na bi tsakanin haruffan da gashin kaza. Bai daina ba. Na tambayi matata a hankali ko ta taɓa shi da hannun mai.

"Malam, mi zan nema ga abin da kai ma ba ya jin maganarka?" in ji ta.

Na naɗe kwamfutar da zane, na hau babur zuwa Goronyo. Mai gyara ya buga layi uku tas, ya ce, "Baba, lafiyarta lau. Gwada mu gani." Shagon cike yake da mutane, kunya ta hana ni, na ce ai na yarda. Ina komawa gida ciwon ya dawo. Washegari na kai ta Wurno, don kada na Goronyo ya ga kamar na ƙaryata shi. Can ma haka aka yi.

Ranar Alhamis za a kai takardar. Laraba da hantsi Kawu ya zo ya ga sunansa da idonsa. Ba ya karanta boko, don haka bai ko dubi gilashin kwamfutar ba. Ya zauna a tabarma yana kallon hannuna.

"Ɗana, mi yatsanka ka jira nan?"

"Harafi na gaba nake nema, Kawu. In na ɗaga, sai in mance inda nake."

Sai kafaɗunsa suka fara rawa don dariya.

"Yo ai dashe kake yi. Haka nak koya maka: ka sa iri, ka danne, ka tsaya har laka ta kama. To wanga abu ba laka ba ne. Taɓa shi awa tukunya mai zafi."

Daga madafi matata ta ce, "Kawu, in kawo mai tukunyar ya gwada?"

Na taɓa na janye. Harafi ɗaya ya fito, shi kaɗai. Na buga sunan Kawu, na gwada shi da katinsa sau bakwai, har ya ce in ba shi abinsa kafin hoton ya goge. Sunan ya shiga, ya samu filinsa. Albasar ta yi kyau, kuma babu wanda ya zo sayenta bai ji labarin yatsana ba.

Sai dai harafin da na fi dannewa ya ɗan lotsa, wani lokaci yakan fito biyu ko da na taɓa shi a hankali. Ga rani ya matso, sunan Kawu kuwa da wannan harafi ya fara. Don Allah, wanda ya san yadda ake ɗago harafin da ya lotsa ba tare da an karya shi ba, ya sanar da ni kafin lokacin buga sunaye. In da hali, ba a gaban Kawu ba.