Mai Rariya da Farin Gari

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana tsaye a bakin tukunya ɗaya, a wani ƙaramin kamfani da ke haɗa man shafawa da hodar kwalliya. A wurin aiki Mai Rariya suke ce mata. A gida kuwa Auta ce, duk da 'ya'yanta uku.

Aikin nata a baki ba wuya. Akwai wani farin gari da ake kawowa a buhu, ba na hatsi ba, dangin roba ne, a masana'anta ake yin sa. Shi ke sa ruwa ya yi kauri, man ya yi santsi a fata. Ba shi da nauyi ko kaɗan, in ka yi atishawa kusa da shi sai ya tashi ya rufe maka gira. Amma mugun hali gare shi. In aka juye shi gaba ɗaya cikin ruwa sai ya dunƙule, waje jiƙe, ciki a bushe, ko injin gauraya ya wuni yana juyawa ba zai fashe ba. Shi ya sa Auta ke ɗaga rariya sama da tukunyar, tana bubbuga gefenta da yatsu biyu, garin na sauka kamar yayyafi. Minti arba'in hannu a sama, sau huɗu a wuni.

Kafaɗarta ta dama ta daɗe da gajiya. Yayarta, wadda suke zaune gida ɗaya, ita kaɗai ta sani. A wurin aiki ba ta taɓa faɗa ba, don ta ga yadda aka sallami wata da ta yi kukan ciwon baya.

Ana nan aka kawo sabon manaja. Ya tsaya a kanta yana duba agogo.

"Malama, sukari kike zuba wa shayi ne?"

"Yallaɓai, haka yake so."

"Wa?"

"Garin."

"Daga Litinin minti biyar. In ba za ki iya ba, akwai masu jira a bakin ƙofa."

Ranar Litinin ta zo jiki a sanyaye. Ta buɗe buhun, ta auna, ta daɗe tana kallon ruwan. Can ta miƙa wa manajan kwanon garin.

"Yallaɓai, hannuna ya ƙi. Ka nuna mini yadda ake yi, in koya."

Ya naɗe hannun riga ya juye gaba ɗaya. Injin ya yi ta gurnani har azahar. Da aka ɗaga murfi, ga abu nan gudaji-gudaji kamar ƙwan kwaɗo. Matan da ke ɗura mai a kwalba suka leƙo. Ɗaya ta lakata ta goga a bayan hannu.

"Wannan ai sai kaushin ƙafa," ta ce, sauran suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya.

Da yamma ya kira Auta ofis. Ta shiga da jakarta a hammata, don ta gama sawa a ranta sallama ce. Bai ɗago ya dube ta ba.

"Ki ci gaba da rariyarki. Tukunya ta biyu ma daga gobe taki ce, na ga mai yin ta ba ya da haƙurinki."

Sau takwas ke nan a wuni. Ta ce ta gode.

Da Yaya ta ji labari, ko takalmi ba ta sa ba ta yi tsakar gida, tana gaya wa maƙwabta Autarsu ta koya wa mai digiri aiki, yanzu tukwane biyu ne a hannunta. Ta faɗa ta maimaita, kowane zagaye manajan na ƙara tsawo.

Auta na zaune a bakin gado tana jin su. Sai da surutun ya lafa ta yi kira a hankali.

"Yaya, in kin gama shelar, zo ki cire mini rigar nan. Hannun ya ƙi ɗaguwa."