Makullin Kabad ɗin Magani

Ban cika wata huɗu a aikina na farko ba. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kowa yana jin ya isa, ni kuwa da na fito daga makarantar koyon jinya da farar hula da takarda mai hatimi, na fi kowa jin haka. Aka tura ni ɗakin shan magani a wani ƙauye bayan Ikara. Ɗaki biyu ne da rumfa, sai kabad ɗin magani na katako guda ɗaya a jingine da bango.

Mai kula da wurin wani dattijo ne da kowa ke kira Malam, wanda ya koyi aikin a hannun Turawa tun zamanin yaƙi. Ranar da na isa ya duba takardata ciki da baya, ya miƙo mini abata, ya nuna mini risho da tukunya. Aikina shi ne tafasa allurai, in na gama in wanke kwalabe. Bayan wata guda ya ƙara mini girma, ya ba ni riƙon makullin kabad, don in riƙa buɗe masa ba sai ya tashi ba. Allura kuwa, ko kabewa bai bari na tsira wa ba.

Ran nan mata sun cika rumfa, ya ɗaga wata allura ya tambaye ni minti nawa ta yi a wuta. Na ce ashirin. Ya ce agogonsa sha biyar ya ƙirga, ya mayar mini da ita a gaban kowa. Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na cire hula, na shiga ɗakina na ƙulle kaya, na tari wata motar gyaɗa da ta nufi wajenmu. Ban rubuta notis na barin aiki ba, ban ce wa kowa sai wata rana ba.

Sai da na isa gida Likoro, zan yi wanka, na ji abu yana lilo a wuyana. Makullin ne, a zaren da na saba rataya shi.

Mahaifina manomin rake ne, bai san notis ba, bai kuma nemi sani ba. Da na gama zayyana masa irin wulaƙancin da aka yi mini, tambaya ɗaya ya yi, ko na yi wa mutumin sallama. Na ce a'a. Ya ce to, ya ci gaba da wasa addarsa. Zancen makulli kam ban tayar ba.

Na fara neman aiki da Makarfi, don na ji ana son nas a can. Akawun ya karɓe ni da mutunci, ya yaba makina, sannan ya ce saura takardar shaida daga inda na baro. Na ce tana hanya. A Ikara ma haka, sai dai su sun ba ni kujera kafin su faɗa mini. A Kudan ko maganar takarda ba a kai ba. Wata tsohuwar ungozoma ta ji sunan ƙauyen da na yi aiki, ta ajiye abin da ke hannunta, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ashe ke ce mai makullin," in ji ta. "Na ɗauka za ki fi haka girma."

Marasa lafiya sun kai labarina kasuwa, kasuwa kuma ta raba shi ga sauran kasuwanni. Abin da nake tsoro ya wuce surutu. A makaranta an ja mana kunne cewa duk wadda ta gudu daga aiki da kayan hukuma, rahoto za a rubuta zuwa Zariya, a soke sunanta, shekarun karatunta su tashi a banza. Duk ranar da na hango mai kai wasiƙu a kan kekensa sai in shige ɗaki. Na ɓoye makullin cikin kwanonin mahaifiyata, na fito da shi, na tsaya da shi a bakin rijiya har sau biyu. Kunya ta hana ni mayarwa, tsoron Allah ya hana ni jefawa.

Mako bakwai muka yi a haka. Ashe mahaifina ya daɗe da jin labarin a wajen masu sayen rake, jira yake in faɗa da bakina. Da ya ga ba ni da niyya, ya ɗaure mazarƙwaila huɗu da ƙullin goro, ya ce gobe da sassafe in sa kayan kirki, in kuma ɗauko abin mutane.

Mun tarar da Malam yana aiki. Abin da na fara gani shi ne kabad, an juya shi, ƙofarsa tana kallon bango. An kwance katakon bayansa an jingine a gefe, ƙusoshin kuma an tara su cikin wata kwalba. Ta nan baya Malam yake zura hannu yana ɗauko magani, sai ya durƙusa in na ƙasa yake so, ga shi da ciwon gwiwa. Kwaɗon yana nan a kulle yadda na bar shi.

Suka gaisa da mahaifina, gaisuwa mai tsawo: gida, iyali, damina, gajiya, rake, gwiwa. Ina tsugune a bakin ƙofa kamar wadda ta yi rakiya. Da aka gama, mahaifina ya ce ya kawo yarinya ne ta yi abin da ba ta yi ba. Na matsa na ajiye makullin a gaban Malam, na ba shi haƙuri. Mahaifina ya kasa daurewa, ya tambaye shi me ya hana a ɓalle kwaɗon tun ranar farko.

"Kwaɗon hukuma ne," in ji Malam. "In na ɓalle, dole in rubuta dalili. In na rubuta dalili, dole in rubuta suna."

Bai dube ni ba da ya faɗi haka, ni ma ban iya ɗaga kai ba. Na yi kuka, kukan da ban yi ba ranar allura. Ya jira na gama, ya ce in tashi in kama masa gefe ɗaya mu juya kabad. Muka juya, ya buɗe da makulli, ya rufe, ya sake buɗewa. Sannan ya zauna ya ɗauki alƙalami.

Layi uku ya rubuta. Ya ce na yi aiki a ƙarƙashinsa, ina zuwa a kan lokaci, kuma na iya tafasa allura idan aka tsaya a kaina. Da na duba kwanan watan barin aiki, sai na ga na wannan ranar ya sa. Na ce masa, Malam, ai mako bakwai ke nan da tafiyata.

"Makulli yana wuyanki, ta yaya kika bar aiki? Yau kika bari. Yi sallama ki tafi, ina da mutane."

Na durƙusa na yi masa sallama yadda ake yi. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya ba da sa'a a Makarfi. Ban taɓa gaya masa na je Makarfi ba.

Da takardar nan aka ɗauke ni a Makarfi. Ranar da na kama aiki, babbar nas ta ce tana neman wadda za ta riƙe makullin kabad. Na ce a ba wata.