Yatsa Uku na Baɗi

Jiya maigidana ya shigo da sabon takalmin roba na 'yarmu a leda, warinsa ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Kun dai san warin, irin na sabuwar buta. Sai kawai na gan ni a tsakar gidanmu na Zurgu, na miƙe ƙafa a gaban Kaka.

A gidanmu ba a zuwa da yaro kasuwa sayen takalmi. Baba ya ce idon yaro a kan mai tsada yake sauka. Da kara ake awo. Idan azumi ya raba tsakiya, Kaka takan zaro sillen karan dawa, ta zaunar da mu a tabarma, ta ɗora shi daga dunduniya zuwa babban yatsa. Amma ba a nan take yankewa ba. Sai ta jera yatsunta biyu a gaba, ta yanke a bayansu. Wannan ƙarin shi ne na baɗi. Kowane kara ta yi masa shaida da haƙori, nawa cizo ɗaya, na Autarmu biyu. Baba ya naɗe su a yagaggiyar fastar 'yan takara, don lokacin duk bangon gari su ne, ya soke a aljihu, ya hau keke sai kasuwar Rano.

Shekarar da nake ba ku labari gero bai yi ba. Baba ya tsuguna gefen tabarma ya ce, "Iya, bana a ɗan ƙara. So nake ya kai su shekara biyu." Kaka ta jera yatsa uku.

Auta tana 'yar shekara huɗu. Ita duk burinta ta bi mu yawon Sallah da ƙafarta, a daina goya ta kamar jaririya.

"Miƙo ƙafar nan taki ta agwagwa," in ji Kaka.

"Taki ce ta agwagwa, tsohuwa!"

Jan takalmi Baba ya sayo wa Auta, mai rufaffen gaba da ɗan fure a sama. Ta zura ƙafa, ƙafar ta shige kamar ludayi a ƙwarya. Kaka ta cusa tsumma a gaban. Ranar Sallah muka fito, tana jan sa fal, fal, taku uku ya fice, ta koma ta saka. Kafin mu kai gidan mai unguwa ta faɗi ta goge gwiwa. Ni na goyo ta zuwa gida, takalmin a hannuna, hawayenta na bin wuyana.

Kaka ta ce, "Yi shiru. Baɗi war haka zai zauna miki cif."

Ai kuwa Auta ta riƙe maganar. Duk Juma'a sai ta jawo shi daga ƙarƙashin gado, ta zare tsumman, ta gwada. "Kaka, ya yi?" Kaka ta danna gaban ta ce, "Saura kaɗan, agwagwa."

Da damina, dawa ta kai gwiwa, zazzaɓi ya kama Auta ranar Talata. Aka tafi da ita asibiti a Rano. Alhamis aka dawo da ita a lulluɓe. Masu zuwa gaisuwa suna ta yaba haƙurina. Ba haƙuri ba ne, wallahi. Ban ji komai ba ne kawai. Ina zaune ina kallon jan takalmin nan a ƙarƙashin gado, tsumman yana leƙowa. Bayan sadakar bakwai gwaggonmu ta Kibiya ta tafi da shi. Daga baya ta aiko cewa ya yi wa 'yarta daidai.

Da azumi ya zagayo, Kaka ta zaro kara ɗaya. Ta ɗora a ƙafata, ta yanke daidai kan yatsa.

Baba ya ce, "Iya, kin manta ƙarin."

"Ban manta ba. Sayo mata na bana."

Yanzu yara kan bi iyayensu kasuwa su gwada da kansu, wasu ma a waya suke zaɓa. Ni har yau kara nake yankewa, kuma ba na ƙari. Jiyan nan maigida yana ta mita, wai wata huɗu zai matse yarinya, wai ba na tunanin gaba. Na ce in ya matse akwai 'ya'yan maƙwabta. Na tsuguna na sa wa 'yata, na danna gaban, na ji yatsanta a wurin. Ta fita da gudu, bai fice ba.