Maɓallin da Yaya Godelieve Ta Goge

Omer mijin yayata ne, kuma tun da na san shi kansa a sunkuye yake, yana kallon ƙasa. Kakansa Cyriel ya tafi yaƙin duniya na farko bai dawo ba, gawarsa ma ba a gani ba. Abin da aka sani kawai, rundunarsu ta takwas ta ƙare a wata gonar dankali da ke gefen kogin Yser, nan bayan ƙauyenmu. Mahaifiyar Omer, wadda aka bari a ciki, ta mutu tana roƙonsa ya nemo mata ubanta a kwantar da shi kusa da ita.

To, shi ke nan, bawan Allah ya ɗauki abin a ka. Da ya bar aikin gyaran tarakta sai ya sayi na'urar gano ƙarfe, ya samu izinin mai gonar, kullum yana can cikin taɓo. Ƙusoshi, cokula, kwanson harsashi, babu tarkacen da bai kwaso ba. A shagon giya tsokanarsa suke: "Omer, yau kakan ya gaishe ka?" Sai ya yi murmushi ya ɗaga kofinsa. Ni kam haushi nake ji, don yayata Godelieve ta tsufa tana cin abinci ita kaɗai.

Ana nan sai aka sayar da gonar, za a gina katafaren kanti da wurin ajiye motoci. Omer ya je gidan tarihi yana roƙo a tona kafin a zuba kwalta. Matar da ke kula da irin wannan ta ce, "Baba Omer, kowa a yankin nan yana da kaka a ƙarƙashin ƙasa. Kawo mini abu ɗaya da ke nuna rundunarsa a wurin, ni kuma in nemi a dakatar da aikin."

Wata Juma'a da yamma na'urar ta yi ƙara a bakin kwalbati. Maɓallin kakin soja ne, ya yi kore shar, ƙasa ta manne masa. A ƙarƙashin tsatsar ana ganin alamar lambar runduna, ko uku ko takwas. Masana suna da dabarar fito da ita a hankali, don haka bai taɓa ba. Ya sa shi a faranti a bakin tagar kicin, zai kai musu Litinin. Bai gaya wa Godelieve komai ba, don a makon ba sa magana, duk a kan gonar nan.

Mu kuwa matan garin nan, Asabar ranar goge tagulla ce. Mariƙin ƙofa, butar kofi, fitila, duk sai sun yi walƙiya, in ba haka ba maƙwabta su yi da ke. Godelieve ta ga maɓalli cikin datti, ta ce bari ta yi wa mijinta abin kirki a shirya. Ta matsa lemon tsami, ta zuba gishiri, ta sa soson ƙarfe ta dirje shi tas.

Ina zaune a kicin ɗinsu ina shan kofi Omer ya shigo. Ta miƙa masa a tafin hannu tana fara'a. "Maigida, ga abinka. Ka ga yadda ya fito?"

Ya fito kam, sumul kamar bayan cokali. Ashe lambar a jikin tsatsar take riƙe, ta bi ruwan wanke-wanke.

Omer bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya juya shi gaba da baya, ya kira ta da sunan da ya saba, ya ce, "Sannu da aiki, Lieve." Ya fita. Na ce, "Yaya, me kika yi?" Ba ta ma gane ba sai da na yi mata bayani, ta zauna daɓas a ƙasan kicin.

Ran Litinin matar gidan tarihi ta duba da madubin ƙara girma, ta daɗe, sannan ta ce, "Na soja ne, Baba. Amma na wane, Allah kaɗai ya sani." Bayan wata guda motocin kwalta suka shigo.

Tun ranar Godelieve ba ta sake goge komai ba. Mariƙin ƙofarsu ya yi baƙi, kuma babu matar da ta isa ta yi magana a gabana. Na'urar tana rataye a gareji. Abin yana cin raina, wallahi, don ba ni da wanda zan zaga.

Farkon Nuwamba, ranar da kowa ke kai furanni kaburburan mamatansa, su biyun suka ɗauki tukunyar fure zuwa wurin ajiye motocin. Omer ya yi ta zagaye yana neman inda kwalbatin yake a da, bai gane ba. Ya ajiye ta tsakanin farin layi biyu, ya cire hularsa. Ba su kai bakin titi ba wani mai mota ya danna hon, ya leƙo ya ce, "Kaka, kun manta da furenku! Ku ɗauke, zan faka."

Godelieve ce ta koma ta ɗauko.